Talabijin Mai Mance Karatunsa

Yau za mu yi magana ne a kan wani ciwo da ke kama talabijin irin na zamani mai shiga intanet. Mutum ya kunna, sunan kamfani ya fito a gilashi, sa'an nan ya tsaya cik, ko kuwa ya yi ta mutuwa yana tashi. Nan da nan sai a ce ya ƙone. Sau da yawa kuwa ba abin da ya ƙone, karatunsa ne ya ɓaci.

A cikin akwatin akwai babban allo, wanda masu gyara ke kira bod. A bisansa akwai wani ɗan baƙin guntu, bai fi farcen yatsa girma ba, sunansa eMMC. A ciki aka rubuta manhajar talabijin, watau umurnin da yake bi tun daga tashi har nuna hoto. Rubutun nan yakan lalace idan wuta ta ɗauke sa'ad da talabijin ke sabunta shi. Har wa yau guntun kansa yakan tsufa, domin yawan rubutu da shafewar da zai iya ɗauka yana da iyaka.

Gwanin mai gyara ba ya fara taɓa manhaja sai ya auna wutar da ke isa allon, gama ƙarancin wuta ma yakan kawo irin wannan alama. A nan sai a yi hankali ƙwarai: babbar kafasita ta gefen wuta tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare waya daga bango.

In wuta lafiya take, sai a nemo manhajar kamfani a sa a filashi, galibi mai tsarin FAT32. A yawancin irinsu akan soka filashin, a danne maɓallin kunnawa, sa'an nan a sa wuta. Daga nan sai haƙuri na 'yan mintoci. Wanda yake garin da wuta ba ta da tabbas, lalle ya jingina aikin ga batir ko janareto, don in ta yanke a tsakiya gyara ya zama ɓarna.

To, ga inda aka fi tuntuɓe. Kamfanoni sukan ɗauki allo iri ɗaya su haɗa shi da gilashi iri iri. Saboda haka sunan talabijin kaɗai bai isa ba, tilas a duba lambar allon da ta gilashin. Manhajar da ba tasa ba takan sa hoto ya fito a kife, ko launi ya dagule, ko rimot ya ƙi aiki.

Idan ɓarnar ta kai ga farkon rubutun, talabijin ba zai ko san an soka filashi ba. Sai a rubuta wa guntun kai tsaye da wata na'ura, ko ta siraran wayoyi, ko a ɗaga shi da iska mai zafi. Wannan aikin ƙwararru ne, don ƙafafunsa na dalma 153 ne a yawanci, duka a ƙarƙashinsa. Kafin a shafe kome wajibi ne a kwafe tsohon rubutu a ajiye, gama a cikinsa akwai mabuɗan sirri na wannan talabijin shi kaɗai. In sun salwanta, hoto ya dawo, amma irin su Netflix suna iya ƙin buɗewa.