Nisan Da Ke Tsakanin Rapa Nui Da Mangareba

A kudu maso gabashin Tekun Fasifik, wanda ya fi dukan tekunan duniya faɗi, Allah cikin ikonSa ya ajiye wani ɗan tsibiri mai suna Rapa Nui, wanda yake ƙarƙashin mulkin ƙasar Cile, ya kuma shahara saboda manyan gumakan dutse da mutanensa na da suka sassaƙa. Filin jirgin saman wannan tsibiri, watau Mataberi, shi ne masana suka yi ittifaƙi a kan cewa babu irinsa wajen kaɗaita, domin kuwa filin da ya fi kusa da shi, wato na Totegegi da ke gefen tsibirin Mangareba, a cikin tsibiran da Faransa ke riƙe da su, yana can yamma da nisan kilomita 2,603.

Shi wannan adadi ba a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ake fitar da shi ba, saboda duniya ƙwallo ce, sai dai a auna gajeriyar hanyar da ta bi bisa doronta, bayan an san matsayin kowane wuri arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, da kuma gabas ko yamma. Wannan kuwa shi ne ainihin hisabin da malaman falaki irin su Albiruni suka yi amfani da shi wajen tabbatar da alƙibla.

To, amma fa kusanci a lissafi daban, kusanci a tafiya daban. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Mataberi ya sauka Totegegi, domin filin can ƙarami ne, sai ƙananan jiragen da ke zuwa daga Tahiti kaɗai yake karɓa. Saboda haka mutanen Rapa Nui, da abincinsu, da marasa lafiyarsu, duk da birnin Santiyago suka dogara, alhali kuwa yana can gabas da nisan kilomita 3,759, abin da ya zarce nisan da alhazai ke yi daga Kano zuwa Jidda, ga shi kuma kusan babu komai a ƙasa sai ruwa.

A shekarar 1951 wani matuƙi ɗan Cile, Roberto Parrague, ya fara ratsa tekun da ke tsakanin Cile da Rapa Nui da jirgin sama, ya kwashe wajen sa'a 19 kafin ya isa. A 1967 aka soma jigilar fasinjoji. A 1987 kuma Amurka ta tsawaita titin saukar Mataberi har ya haura mita 3,300, don kumbonta na sararin samaniya ya sami mafaka idan larura ta taso. Yanzu tafiyar ba ta kai sa'a 6 ba.

Duk da haka titin guda ɗaya ne tak, wanda idan jirgi ya lalace a kansa, na bayansa ba shi da wurin sauka, mansa kuma ba lalle ya ishe shi komawa ba. Don haka hukuma ta shar'anta cewa da zarar jirgi ya wuce rabin hanya, ba a barin wani ya kusanto sai ya sauka lafiya. Lalle ne mai karatu ya fahimta, a wurin matuƙin jirgi filin da yake kusa shi ne wanda zai iya sauka a cikinsa.