Renon Yara: Abin da Gwamnati ta Ɗauke wa Iyaye

Idan damina ta sauka a ƙasar Damagaram, aiki yakan yi wa uwa yawa. A ƙauyukan Mirya da Magarya tana gona tun da safe. A Birni da Zango tana sana'a ko kasuwa. To, wa ke riƙe da jariri? Sau da yawa yayarsa ce, yarinya ƴar shekara 7 ko 8. Ita ce ƴar reno, kuma ladanta shi ne rasa karatu.

Gwamnatin Nijar ba ta biyan ƴar reno. Taimakonta ya biyo ta hanya biyu.

Ta farko ita ce magani. A shekarar 2006 aka kafa doka cewa yaron da bai kai shekara 5 ba, a duba shi a likitar gwamnati kyauta, haka ma awon ciki. Likita ce ke yin aikin, daga baya gwamnati ta biya ta. Nan gizo yake saƙa: an sha yin jinkirin biya, magani ya ƙare, a ba uba takarda ya je ya saya. Duk da haka, kada wannan ya hana ku zuwa. Zazzaɓin da aka kai da wuri ya fi sauƙin kuɗi. Tun 2013 kuma aka soma raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya kowane wata cikin damina.

Hanya ta biyu ita ce kuɗi a hannu. A 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta buɗe shirin agaza wa gidaje marasa ƙarfi a jihohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Gidan da aka zaɓa ya karɓi jika 10 kowane wata har wata 24. Ƙauyuka aka fi nufa, ba cikin gari ba. A 2019 aka shiga kashi na biyu mai suna Wadata Talaka.

Hannun mata aka danƙa kuɗin, kuma an yi hikima. Uwa ce ta san ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Tare da kuɗin, an riƙa tara iyaye kowane wata, ana kuma bin su gida gida. Ana koya musu ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Ana koya musu kwana cikin gidan sauro, da wanke hannu da sabulu, da yi wa yaro takardar haihuwa. Har wasa da yaro da yi masa magana an sa cikin darasi, abin da wasu magidanta suke ɗauka shirme ne.

Jika 10 ba ta cika rumbu. Amma tana sa ƙwai, wake ko ƙuliƙuli cikin kunun yaro a watannin bakwai da takwas, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma sauro ya yi yawa. Mata da dama sun zuba wani kaso a asusu, suka sayi akuya.

Maganar yarinyar nan ƴar reno ta rage ga unguwa. Mata huɗu ko biyar za su iya yin karɓa-karɓa: yau ɗaya ta tsaya da yaran duka a inuwa, da ruwa mai tsabta da kunu, sauran su tafi aiki, gobe wata ta karɓa.