Waƙoƙin Beatles a Bakin Wasu

A watan Janairun 1970, mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta fitar da faifai, a cikinsa akwai waƙa mai suna Let It Be. Masu waƙar na ainihi, wato Beatles, samarin nan huɗu na Libaful a Ingila, garin da 'yan kallon ƙwallo suka fi sani, ba su saki tasu ba sai a watan Maris. Wanda ya fara jin ta a bakin Aretha zai iya rantsuwa cewa tata ce, alhali Paul McCartney na Beatles ne ya tsara ta. Babu wanda ya kira Aretha ɓarauniya, babu kuma wanda ya kai ta kotu. A sana'ar waƙa ta Turai da Amurka, ɗaukar waƙar wani a sake rera ta da sabuwar murya da sabon kiɗa abu ne mai ƙa'ida, kuma da wuya a sami ƙungiyar da aka yi wa haka kamar Beatles.

Ƙa'idar ita ce kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai na wanda ya tsara baitoci da kari, akwai na wanda ya naɗi sautin a faifai. Mai sake rerawa bai taɓa na biyun ba, tunda muryarsa ce da makaɗansa. Na farkon ne yake biya. A Amurka ma, tun 1909 doka ta ce da zarar waƙa ta shiga kasuwa, kowa na iya sake naɗar ta ko da mai ita bai so ba, muddin zai biya kuɗin da aka yanke a kan kowane kwafi. Senti 2 aka yanke a lokacin, aka zauna a kai har 1978. Ba don mawaƙa aka yi dokar ba ma. An yi ta ne saboda wani irin fiyano mai kaɗa kansa da naɗaɗɗiyar takarda, don kada kamfani ɗaya ya kame dukan waƙoƙin da ake yayi. Irin wannan sake rerawar ta bambanta da abin da wasu masu bege da bandiri suka yi a Kano, inda suka ari karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka ɗora masa baitocin yabon Annabi. Can kari kawai aka ɗauka, kalmomin sababbi ne.

Su kansu Beatles da aro suka tashi. Tsakanin 1960 da 1962 suna kwana kiɗa a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, kuma mai wasan sa'o'i da yawa kowane dare ba shi da waƙoƙin kansa da za su ishe shi. Sai suka riƙa rera na Chuck Berry da Little Richard da na kamfanin Motown, galibi baƙaƙen fatar Amurka. Faifansu na farko a 1963 waƙa 14 ne, 6 daga ciki na wasu ne. Twist and Shout, wadda Isley Brothers suka yi suna da ita shekara guda kafin nan, ita aka bari ƙarshe a ranar naɗi, domin John Lennon, mai rera ta, yana fama da mura kuma an san za ta cinye masa maƙogwaro. Wannan dusasshiyar muryar ce ta fita kasuwa.

Ba a yi shekara biyar ba kaya suka koma gidan da aka aro su. Ray Charles ya rera Yesterday da Eleanor Rigby. A 1968 Wilson Pickett ya shiga ɗakin naɗar waƙa a Alabama ya juya Hey Jude da ihu irin na majami'un baƙaƙen fata, wani matashi Duane Allman yana kaɗa masa jita, kuma daga nan sunan Allman ya fita. Stevie Wonder ya ɗauki We Can Work It Out a 1970 ya cusa mata kiɗan da ke tayar da mai zaune. A ganina nan ne daɗin labarin yake: yaran da suka koyi sana'a da kwaikwayon waɗannan mutane, ga shi malaman suna zaɓar waƙoƙinsu.

Ba kowace sake rerawa ce ke da amfani ba. Yesterday, wadda ta fito a 1965, an sake naɗar ta fiye da sau 2,000, amma mafi yawansu shafa mata mai kawai suka yi, aka ƙara goge da tattausar murya don a sa a otal. Sake rerawar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce wadda mawaƙi Joe Cocker ya yi wa wata waƙar daban. With a Little Help from My Friends a asalinta 'yar waƙar raha ce da Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, ya rera a 1967. Cocker ya rage mata gudu, ya sauya mata taku, ya sa mata 'yan amshi mata, ya rera ta kamar mutumin da ruwa ke shirin cinyewa yana kiran 'yan'uwa. Baitocin ba su canja ba, ma'anar ta canja. Ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1968, ya kuma rera ta a taron kiɗa na Woodstock a 1969. Shi kuwa mawaƙi Frank Sinatra ya ƙaunaci waƙar Something ƙwarai, har ya daɗe yana gabatar da ita a matsayin ta Lennon da McCartney, ga shi ɗan ƙungiyarsu George Harrison ne ya tsara ta.

Najeriya ma ta leƙo cikin labarin. Sunan waƙar Ob-La-Di, Ob-La-Da salon magana ne na Jimmy Scott, wani makaɗin ganga ɗan Najeriya da ke zaune a Landan, wanda McCartney ya sani. Beatles ba su sake ta ita kaɗai a Birtaniya ba a lokacin, sai ƙungiyar Marmalade ta Sukotlan ta yi wuf ta naɗe ta, ta kai matsayi na ɗaya a farkon 1969.

To, ina kuɗin duk waɗannan ke zuwa? Nan ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko kusa da haka. A 1963 aka zuba waƙoƙin Lennon da McCartney a kamfanin Northern Songs, wanda wani dillalin waƙa, Dick James, yake da babban kaso a ciki. A 1969 James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya shawarce su ba. Suna ci gaba da karɓar rabonsu na matsara, amma rabon mai kamfani da ikon faɗa a ji sun kuɓuce musu. Shekaru bayan haka McCartney ya riƙa nuna wa abokinsa Michael Jackson irin ribar da ke cikin mallakar waƙoƙin wasu. Jackson ya ji, ya riƙe. A 1985 ya sayi ATV kan dala miliyan 47 da rabi, da waƙoƙin Beatles a ciki, zumuncin nasu kuma ya yi sanyi. A 1995 ya haɗa hannu da Sony, a 2016, bayan rasuwarsa, magadansa suka sayar wa Sony rabinsu kan dala miliyan 750. A 2017 McCartney, yana da shekara 74, ya shigar da ƙara a Amurka yana neman haƙƙin waƙoƙin da ya tsara tun yana saurayi, aka sasanta a asirce kafin a kai ga shari'a.