Hayaƙin Da Ke Kisa Bayan An Kashe Gobara

A ranar 11 ga watan Satumba na 2001, 'yan kwana-kwana 343 ne suka rasa rayukansu sa'ad da dogayen benaye biyu suka rushe a birnin New York na Amurka. Waɗanda suka tsira kuwa sun yi watanni suna tonon ɓaraguzai cikin ƙura mai guba, daga baya ciwon daji ya shiga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya.

Wahalar ita ce, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru. To, ta yaya ma'aikaci zai tabbatar wa hukuma cewa a bakin aiki ya same ta? Tun 1982 Jihar Kalifoniya ta warware wannan da doka: in ɗan kwana-kwana ya kamu, aikin ne sanadi, sai fa in hukumar ta kawo hujjar akasin haka.

Gwamnatin tarayya kam ta yi jan ƙafa. Sai a watan Janairu na 2011 Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar Zadroga, wadda ta tanadi magani da diyya, ciwon daji ma ba a shigar da shi ba sai 2012. Ya zuwa Satumbar 2023, 'yan kwana-kwanan da cututtukan ƙurar nan suka kashe su ma sun kai 343.