In Kaya Ya Faɗo Daga Mota, Wa Ke Da Alhaki?

Ran nan muna kan hanyar komawa Birnin Kebbi daga wajen Jega, bayan mun ƙare zagayen duba makarantu, sai muka riski wata babbar mota a gabanmu. An yi mata lodin shinkafar da ba a casa ba, buhuna sun haura bodi da kamar kamu uku, igiya ɗaya tak aka zarga a kansu, ga kuma mutane zaune bisa kayan sun riƙe hulunansu. Muna dab da shiga Kalgo direban ya taka birki don ya kauce wa wani rami, sai buhu biyu suka suɓuce suka faɗo a gaban wani mai babur wanda ya ɗauko mace da goyo. Allah ya kiyaye, mutumin ya karkata ya faɗa gefen hanya, ba wanda ya sami abin da ya wuce ƙujewa. Jama'a suka taru, kowa na cewa tsautsayi ne. Karen mota ya sauko, aka taya shi mai da buhunan, aka sake zarga igiyar nan dai, mota ta wuce. Ba wanda ya rubuta lambarta, har mu da mu ke da alƙalami a aljihu.

Tun daga ranar abin ya ke damunmu. Da goyon nan ya mutu, wa za a kama? Ga abin da mu ke so mu faɗa wa masu karatu, musamman akawuna da malaman makaranta: kayan da ya faɗo daga mota hannu ne ya ɗaure shi, kuma doka tana bin igiyar nan daga hannun direba har zuwa hannun wanda ya ci ribar tafiyar.

Dalilin yawan manyan motoci

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, ba ta da hanyar jirgin ƙasa. Dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, bai ƙara gaba ba. Saboda haka duk abin da aka noma a ƙasar Gwandu a bayan mota ya ke fita, duk abin da aka sayo daga Kudu kuma a bayan mota ya ke shigowa. Albasar Gwandu da Aliero, da gero da dawa, da shanu, da takin zamani da siminti, duk hanyarsu ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka kuma kafa manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, lodin shinkafa ya ƙaru ƙwarai.

Kalgo kuwa mararraba ce. Nan hanyar Jega ta haɗu da wadda ta nufi Bunza da Kamba, bakin iyakarmu da Nijar. A kan hanyar Bunza ɗin nan ne mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya ke, wadda aka kafa a 2013. Watau tirela mai tan 30 da ɗalibi a kan babur da yaro mai zuwa makarantar firamare kwalta ɗaya su ke bi.

Yadda kaya ke kashe mutum

Kakanninmu fatake sun san abin da yawancin masu lodi na yau suka manta. Mai jaki ba ya barin mangala ta rinjaya gefe guda, kuma madugu ba ya ta da ayari sai an duba ɗaurin kowane taiki. Sun san kayan da ya karkata da safe kafin azahar yana ƙasa.

Waɗansu masu mota su kan ce kaya mai nauyi ba ya bukatar ɗauri, wai nauyinsa ya ishe shi zama. Wannan kuskure ne babba. Sa'ad da mota ke gudu kayan cikinta ma gudu ya ke yi, in aka taka birki tayoyi ne su ke tsayawa, kaya kuwa sai ya nemi ci gaba da tafiyarsa. Don haka ne a Turai da Amurka aka ƙayyade cewa lalle ɗauri ya iya riƙe kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya in ya tunkuɗo gaba, da rabin nauyinsa in ya tunkuɗa gefe ko baya. Mu auna da namu. Tirela ta kan ɗauki buhu 600 mai kilo 50, watau tan 30. Bisa wancan ma'auni, abin da aka tare kayan da shi sai ya jure tan 24 ta gaba, da tan 15 ta gefe. To, ina igiyar nan guda ɗaya da muka gani a Kalgo za ta kai?

Abu na biyu shi ne tsawo. Ko yaro ya san tulun da aka ɗora bisa gammo ya fi wanda ke ƙasa saurin faɗuwa. In aka jibga kaya ya wuce bodi, nauyin mota ya koma sama, da ta shiga kwana sai ya ja ta waje ta kife. Shanu sun fi buhu haɗari, domin su kan gusa gefe guda gaba ɗaya. Haka tankar da ba a cika ba, ruwan cikinta ya kan yi tambal-tambal ya rinjayi motar.

Na uku gudu. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo ninkuwa ya ke yi sau huɗu. Shi ya sa littafin ƙa'idodin hanya ya tsai da tirela da tanka a kan kilomita 45 cikin awa a cikin gari, 50 a babbar hanya.

Akwai kuma kayan da ba ya ɗauruwa ko kaɗan, shi ne ɗan Adam. Cikin Nuwamba 2023 wata tirela ta taso daga Sakkwato ta nufi Kudu da kayan abinci da mutum fiye da 200 a kanta. Ta ratsa jiharmu, ta wuce Yawuri, ta kife a ƙauyen Takalafiya cikin ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja. Da fari an ƙirga gawa 17, daga baya suka kai 25, sauran kuwa kusan duka sun ji rauni. Mutanen nan talakawa ne masu neman sauƙin kuɗin mota, garin neman sauƙi suka gamu da ajalinsu.

Abin da dokar ƙasa ta ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. Dokarta ta 2007 ta lissafa laifuffukan hanya, ta yanka tarar naira 10,000 a kan lodin da ya wuce ƙima, da naira 5,000 a kan ɗaukar kaya mai zuba, kamar yashi ko tsakuwa, ba tare da an rufe shi ba. Kowa ya ga wannan kuɗi ya san bai kai ribar buhunan da aka ƙara a sama ba, shi ya sa masu mota ba su jin tsoronsa. Amma tara tun kafin a yi ɓarna ce. In rai ya salwanta magana ta sake, domin dokar nan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya kashe mutum da tuƙin ganganci, kuma ana iya gurfanar da shi da laifin kisan kai ba da niyya ba.

Har wa yau kada mai mota ya zaci zamansa a gida zai fisshe shi. Cikin Yuli 2020 wata kwantena ta faɗo daga kan tirela a Ilasamaja cikin Ikko, ta danne motar fasinja, mutum 3 suka mutu. A farkon 2023 Babbar Kotun Jihar Ikko ta yanke wa direban ɗaurin rai da rai, ta kuma yanke wa mai motar irin wannan hukunci, alhali ba shi ne ya riƙe sitiyari ba. Ran 29 ga Janairu na shekarar nan ta 2023 wata kwantenar ta sake faɗowa kan motar haya a Ojuelegba, mutum 9 suka rasu. Ko da ya ke a Kudu aka yi shari'ar, darasinta ya shafi duk mai babbar mota a ƙasar nan.

Ban da hukuncin laifi akwai biyan ɓarna. Ƙa'idar da kotunanmu su ke bi ita ce, ɓarnar da bara ya yi a cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗauke da ita. Saboda haka wanda buhu ya karya wa ƙafa yana da ikon ya kai ƙarar direba da mai mota tare. In 'yan lodi ne suka yi ɗaurin banza, ko mai kaya ne ya matsa a ƙara masa buhu hamsin a sama don ya rage kuɗin mota, su ma ana iya jawo su cikin ƙarar gwargwadon hannun da su ke da shi. In mutumin ya rasu, iyalinsa su ke da hakkin nema. Sai dai irin wannan ƙara tana da wa'adi, wanda ya yi jinkiri hakkinsa ya kan faɗi.

Don kada a ci mutum da shari'a a tarar ba shi da abin biya, tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairu 2023 aka mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, da naira 100,000 ga babbar motar dakon kaya, wadda a ke biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5 a madadinta. 'Yan sanda kuma suka shiga tilasta ta daga 1 ga Fabrairu 2025. Amma a lura da abu biyu. Takardar jabu da a ke saya a bakin tasha ba ta biyan kowa ko anini. Sa'an nan wanda ya hau bisa kaya yana iya tarar da kamfanin ya kafe cewa motar kaya ya yi wa inshora, bai san da fasinja ba.

Abin da shari'a ta ce

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya suka faɗa, amma ba su ƙarasa ba. Mu mutanen ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ne, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, wanda kuma ya wallafa littattafai don shiryar da alƙalai da masu mulki. Fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukanmu bai taɓa mai da ƙaddara hujjar kuɓuta daga lamuni ba. Malamai sun ɗora ɓarnar da dabba ta yi a hanya a wuyan mutumin da ke tafe da ita, ko bisa ya ke ko ƙasa. Sun kuma tsananta wa mai dakon abinci, suka ce yana lamunce abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya kawo shaidar ba sakacinsa ba ne. In haka ne hukuncin mai jaki, ina ga mai tan 30?

Kisan kuskure kuwa yana da diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, dangin wanda ya yi kisan su ke haɗuwa su biya. Shi kansa kuma akwai kaffara a kansa, azumin wata biyu a jere. Magada suna da ikon su yafe diyya, kuma yafewa alheri ne. Amma mun sha ganin an taru a kan gwauruwa da marayu tun ba a share makoki ba, ana ce musu su bar wa Allah, alhali ba wanda ya gaya musu abin da su ke bari. Yafewar da aka yi cikin rashin sani da jin kunyar manya, ba mu ga yadda za ta wanke mai mota ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga akawunan ƙananan hukumomi da na masarauta, da masu yankan rasit a kasuwa da tasha, mu kan ga ana rubuta kuɗin da aka karɓa a bar lambar mota. Muna roƙo a riƙa rubuta lambar, da sunan direba, da na mai kaya, da yawan buhuna. Yawancin ƙararrakin nan ba rashin doka ke kashe su ba, rashin sanin wanda za a kama ne. Shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho kuma su ne a bakin lodi, suna iya hana mota tashi sai an sa kaya mai nauyi a ƙasa, an matsa shi jikin allon gaba, an rufe da tamfol, an ɗaure kowane layi da igiyarsa, an sauko da mutanen da ke sama. Direba ya tsaya bayan ɗan tafiya kaɗan ya sake jan igiya, domin buhu ya kan zauna ɗauri ya saki. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma gyaran lodi a kan kwana.

Ga malaman makaranta, lissafin nan na tan 24 ya isa darasi guda a aji shida. A ɗora littattafai bisa faranti, a sa yaro ya ruga da shi ya tsaya farat ɗaya, sauran yara su ga inda littattafan za su nufa. Cikin yaran nan akwai direbobin gobe da masu motocin gobe. A kuma koya musu kada su bi bayan motar kaya kurkusa, kada su tsaya gefenta a kwana.

In haɗari ya auku, a fara da ceton rai. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, a kai masu rauni asibiti, domin dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Sa'an nan a ɗauki hoton motar da ɗaurinta tun ba a taɓa kome ba, a sami shaidu, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takarda.

Mu dai mun yi sakaci ran nan a Kalgo, muka bar motar nan ta wuce da igiyarta guda, ba mu kuwa san inda sauran buhunan suka sauka ba. Muna fatan mai karatu ba zai yi irin namu ba. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.