Kama Da Wane Ba Ta Wane: Gane Wilin Asali A Motocin Ƙawa

Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motocin tokumbo zai lura cewa mai saye yakan buɗe inji, ya shafa fenti, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, amma da wuya ka ga ya durƙusa ya dubi wilin da tayoyi ke ɗaure a kai. Alhali a motocin ƙawa masu gudun gaske, irin su Porsche 911, rayuwar direba kacokan a kan waɗannan wili huɗu na alminiyam take.

Da dama daga cikin motocin da ake shigo mana da su daga Amurka a gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, kuma wili na cikin abubuwan da kan fara lalacewa. Sai dillali ya maye gurbinsu da na kwaikwayo, ya manna murfin tsakiya mai ɗauke da tambarin kamfani, shi ke nan. Wannan murfi kuwa ba shaida ba ne, domin kowa na iya sayensa.

Shaida tana ciki. A sa jak, a kwance ƙafa ɗaya, a juya bayanta. Wilin asali na Porsche yana ɗauke da lambar kaya da aka zana a jikin ƙarfen, wadda kan fara da lambar samfurin motar. Alal misali, a samfurin 997, wanda aka ƙera daga 2004 zuwa 2012, za a ga lambar ta fara da 997.362. Kusa da ita akwai awo. Wilin gaba na Carrera S yana nuna 8J x 19 ET57, na baya kuma 11J x 19 ET67. Wato faɗi inci 8 ko 11, girma inci 19, shi kuwa ET yana nuna, a milimita, yadda wilin ke shigewa cikin jikin mota. Wannan lamba ta ƙarshe ita masu saye suka fi rainawa, alhali idan ta saɓa, taya na iya gogar jikin mota ko ta gajiyar da boris. Ramukan noti biyar ne, a da'irar milimita 130. Na galibin motocin Mercedes 112 ne, don haka ba sa musanya.

Sannan a gwada abin da aka gani da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, wadda ke nuna girman tayar da kamfani ya amince da ita.

Nauyi ma yakan tona asiri. Shahararren wilin Fuchs, wanda kamfanin Otto Fuchs na Jamus ya fara yi wa 911S a 1966, matse alminiyam ake yi da ƙarfin inji har ya ɗauki siffa, shi ya sa ga rashin nauyi ga ƙwari. Na kwaikwayonsa galibi narkawa ake yi a zuba, sai ya fi nauyi, kuma idan ya faɗa rami yana iya tsagewa a inda na asali zai lanƙwashe kawai. Wanda ya san ramukan hanyoyinmu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

A ganina, dillalin da ya ƙi yarda a kwance ƙafa ɗaya ya riga ya ba da amsa. In kuwa ya yarda, kafin a mayar, a shafa cikin wilin da hannu, domin walda da aka rufe da fenti yatsa kan ji ta kafin ido ya gani.