Ƙungiyar teyatur ta wa ce? Abin da rikicin Shikago ke nuna wa ƴan wasan Agadez

A watan Satumban 2022, komitin da ke kula da gidan wasan kwaikwayo na Victory Gardens, a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ya sallami ma'aikata 18 da suka rage a gidan gaba ɗaya. Ba ƙaramin gida ba ne. An kafa shi a 1974, kuma a 2001 ya samu kyautar Tony, wadda babu kamarta a harkar teyatur a Amurka. Abin da ya durƙusar da shi shi ne rikici tsakanin masu riƙe da ragamar ƙungiyar da masu yin wasan, rikicin da ya ɗauki shekara biyu da ƴan watanni.

Shikago na da nisa da Agadez, amma tsarin da gidan ke tafiya a kai, wato ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, shi ne wanda yawancin ƙungiyoyin wasa, na kiɗa da na raya al'adu suke bi a nan Nijar. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda rikicin ya faro

Sama da shekara 30 mutum guda, Dennis Zacek, ya yi yana jagorantar sashen wasanni na gidan, har zuwa 2011 da Chay Yew ya gaje shi. Da Yew ya tashi barin aiki a 2020, sai komitin ya haɗa kujerarsa da ta mai kula da kuɗi da ma'aikata, ya danƙa wa Erica Daniels su biyun, ba tare da an buɗe neman aikin ga kowa ba. Marubutan wasanni na gidan suka ajiye aiki tare a watan Mayu, suna cewa ba a shawarce su ba. A watan Yuni, daidai lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, matsin lamba ya ƙaru har Daniels ta yi murabus, shugaban komitin shi ma ya sauka daga kujerarsa.

A 2021 aka naɗa Ken-Matt Martin, wani matashi baƙar fata, a matsayin sabon jagoran wasanni, jama'a suka zaci ƙura ta lafa. Sai dai a watan Yunin 2022 komitin ya dakatar da shi, daga baya ya kore shi. Martin ya ce ba a taɓa yi masa gargaɗi kan wani laifi ba. Marubuta da masu shirya wasan da ke tare da shi suka fice, suna zargin komitin da barin kujerar babban darakta babu kowa tsawon lokaci, da kuma shirin sayen wani wuri kusa da gidan alhali ginin da ake ciki yana buƙatar gyara. Komitin ya amsa cewa an yi wa maganar sayen wurin mummunar fahimta. Marubuciya Erika Dickerson-Despenza ta janye wasanta da ake tsakiyar nunawa. Ma'aikatan da suka rage suka bayyana niyyar shiga sandika, ba a yi wata biyu ba aka sallame su duka. Komitin ya danganta matakin da rashin wasannin da za a nuna a kakar da ke tafe, su kuwa ma'aikatan suka ce ramuwa ce.

Wa ke da ƙungiyar da ba ta neman riba?

Shago na da mai shi, haka motar haya. Ƙungiyar da ba ta neman riba kuwa a gaban doka ba ta kowa ba ce, ko da mutum guda ne ya kafa ta da guminsa. Ba a raba ribarta, ba a gadonta, kuma in ta rushe kayanta ba su komawa gidan shugaba.

Saboda haka iko a cikinta ya rabu kashi-kashi. Komiti ke sa hannu a banki, shi ke ɗaukar darakta, shi ke sallamarsa. Jagoran wasanni da ƴan wasa su ne jama'a suka sani, sunansu ne ke cika fili da ƴan kallo, shi ne kuma ke jawo masu ba da tallafi. Sannan akwai waɗanda ba a tafa musu: mai wuta da lasifika, tela, direba, mai gadi, mai sayar da tikiti. Muddin ana jituwa ba wanda ke tambayar wa ke sama da wa. Ran da aka saɓa, komiti zai buɗe takarda ya nuna cewa doka shi ta ba ƙarfi, ƴan wasa su kwashe sunansu su yi gaba, a bar ƙananan ma'aikata da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ya faru a Shikago ke nan. Wanda ya yi suna wani gidan zai ɗauke shi, mai sayar da tikiti kuwa sai ya koma neman aiki daga farko.

Daga samariya zuwa foroje

A Nijar wannan matsala ba ta daɗe ba, domin a da teyatur na da uba. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya a unguwanni da ƙauyuka, ta kuma shirya bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan biranen jahohi, inda ƙungiyoyi ke gasar wasa, rawa da waƙa. A wannan zamani ne irin su Yazi Dogo suka shiga kowane gida ta rediyo da talabijin na ƙasa. Ƴan wasa galibi malaman makaranta ne, ma'aikata da masu sana'a, suna yi ne bayan sun tashi aiki. Ba albashi, ba kuma gardama kan wa ke shugabanci, tunda hukuma ce ke da magana ta ƙarshe, har kan abin da za a faɗa a fili.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta ja baya, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita, kuɗin wasa ya koma fitowa daga foroje-foroje. A Agadez an ga haka ƙarara bayan dokar 2015-36 da ta haramta jigilar baƙin haure, lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika gari, suna ɗaukar matasa su yi wasannin wayar da kai kan haɗarin hamada, rigakafi, karatun ƴaƴa mata da zaman lafiya. Ƙungiyar da ta saba haɗa kuɗin shayi da na mai sai ga ta da asusu a banki, da rahoton da za ta rubuta, da mutanen da za ta biya. Da yawa sun shiga wannan sabon hali da tsohon tsari na abota da amana, ba tare da an zauna an rubuta wa ke yanke wace shawara ba.

Yanzu kuma ruwa ya ja baya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafi mai yawa, an soke dokar 2015-36 a watan Nuwamban wannan shekarar, kuma a watan Oktoban 2024 cibiyar al'adu ta Jean Rouch da ke Yamai, wadda Nijar da Faransa ke gudanarwa tare a da, ta koma ɗauke da sunan Moustapha Alassane. Idan kuɗi suka ragu, tambaya biyu ke tasowa a kowace ƙungiya: wa za a rage, kuma wa ke da hurumin rage shi?

Me dokar Nijar ta tanada?

Dokoki biyu ne ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani. Ta farko ita ce doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 kan ƙungiyoyi, wadda aka yi wa gyara a 1991. Ita ce ke buƙatar ƙungiya ta ajiye kundin dokokinta da sunayen shugabanninta a hannun hukuma, ta samu izini daga ma'aikatar cikin gida, ta kuma sanar in an canza shugabanni. Ma'anar wannan ita ce, in rikici ya kai gaban hukuma ko alƙali, takardar da aka ajiye za a duba. Wanda ya shekara 20 yana ɗaukar nauyin ƙungiya amma sunansa ba ya cikin komiti zai iya wayar gari a waje. Haka kuma komitin da wa'adinsa ya ƙare bai kira babban taron mambobi ba, shi ma ƙafarsa ba ta kan ƙasa.

Ta biyu ita ce dokar aiki mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012. A nan ma'aikacin Nijar ya fi na Shikago kariya a kan takarda, domin a jahar Illinois ana iya sallamar mutum ba tare da an faɗi dalili ba, in dai ba don wariya ko shiga sandika aka yi ba. A Nijar, duk wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani ana biyan sa ma'aikaci ne, ko mai ba shi aikin kamfani ne ko ƙungiya. Ba a sallamar mai aikin dindindin sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma in ba babban laifi ya yi ba sai an ba shi wa'adi ko kuɗin wa'adin. In rashin kuɗi ne ya sa za a rage mutane, sai an zauna da wakilan ma'aikata da sufeton ƙwadago tukuna. Wakilin ma'aikata kuwa ba a korarsa sai da izinin sufeton. Duk wanda ya bar aiki yana da haƙƙin karɓar takardar shaidar aiki, kuma wajibi ne tun farko a yi masa rajista a asusun CNSS.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yawancin masu aiki a ƙungiyoyin wasa ana kiran su ƴan sa-kai, ana ba su kuɗin mota ko na abinci a hannu, babu kwantaragi. Ran da aka ce wa irin wannan mutum kada ya dawo, wahalarsa ita ce ya nuna cewa aiki yake yi. Takardar karɓar kuɗi ta kowane wata, jadawalin aiki ko saƙon da ake ba shi umurni a WhatsApp na iya taimaka masa.

Gyaran da ake yi tun ana shiri

Abubuwan da suka hura wutar Shikago ba su fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya ta magance su ba. A rubuta yadda ake zaɓen jagoran wasanni da yadda ake sauke shi, a kuma ba shi damar kare kansa kafin a yanke hukunci. A ba ƴan wasa da ma'aikata kujera a cikin komiti, don kada su riƙa jin labarin ƙungiyarsu a bakin titi. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum biyu, ma'aji ya karanta lissafi a gaban mambobi aƙalla sau ɗaya a shekara. A bambanta ɗan sa-kai da ma'aikaci a rubuce, kowa ya san matsayinsa tun ranar farko. Wasu na ganin kawo irin wannan magana tsakanin abokai rashin yarda ne, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wanda aka riga aka sallama kuwa, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Agadez, kuma shigar da ƙorafi a can ba ya buƙatar lauya. Sufeton zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sasanta su, in abin ya faskara sai maganar ta wuce kotun ma'aikata. Jinkiri na iya sa mutum ya rasa haƙƙinsa, don haka gara ya tattara takardunsa ya je da wuri.